Gatanar Rijiya da Na Ce Ta Kakata Ce

Shekarata ta uku da fara koyarwa aka tura ni Buza, aka ba ni Faransanci a aji biyu na lise, wato babbar sakandare. Ni mutumin Madawa ne, tafiyar ba ta da wani nisa, amma a lokacin ji nake kamar an jefa ni ƙarshen ƙasa. Ɗaki guda na kama a bayan kasuwa. Tabarma ce a ciki, sai teburin da na aro daga lakwal, wato makaranta, sai ƴar butar shayi. Ban yi aure ba tukuna. Abin da nake da shi da yawa shi ne ji da kai. Na fito daga jami'a, ina ƴan rubuce-rubucen da ban taɓa nuna wa kowa ba, kuma a raina na riga na yanke cewa wata rana za a san ni.

A zango na biyu tsarin karatu ya kawo mu kan tatsuniya, wadda mu a Adar muke ce wa gatana. Sati biyu na yi ina zana wa yara a allo yadda ake gina ta: yadda abubuwa suke da fari, abin da ya zo ya dagula su, faɗi-tashin da aka yi, yadda aka warware, sannan darasi a ƙarshe. Da muka gama na ba su aiki. Kowa ya ƙirƙiro gatana tasa ta kansa, ya rubuta da Faransanci, shafi biyu. Na ce kada wanda ya ɗauko mini wadda aka sani. Sai da na faɗa sau uku, ina buga teburi da alli, cewa duk wanda na kama ya kwaso ta kakarsa ko ta littafi, sifili zai samu, kuma kada ya zo mini da roƙo.

Ranar Asabar da hantsi na fito da teburina gindin dogon yaron da ke tsakar gidan, na zauna da takardu fiye da hamsin da jan bik, biron da muke gyara da shi. Ma'aunin da muke bi a lokacin kowa ya san shi, gadonsa muka yi daga waɗanda suka koyar da mu: goma na harshe, biyar na tsari, uku na darasi, biyu na tsabtar rubutu. Na fara. Kura da zomo, kura da zomo, sai marainiya da dodon rafi, sai kura kuma. Wani ya canja wa kura suna kawai ya mai da ita dila. Wani ya ɗora ta a kan moto ya kai ta Agadas. Biyu suka kawo mini abu ɗaya har da kuskure iri ɗaya a layi na huɗu. Kafin azahar hannuna ya gaji da jan layi, shayin ya huce sau biyu.

Sai na kai ga takardar wata yarinya da ke zama a benci na uku, jikin taga. Daga wani ƙauye take can gaba da Babankatami, tana zaune wurin gwaggonta a cikin gari saboda karatu. Ban taɓa ganin ta ɗaga hannu ba. Rubutunta ƙanana ne ƙwarai, irin na wanda ya saba tattalin takarda. Faransancinta kuwa ba a cewa komai. A layin farko kaɗai na ja layi huɗu. Amma da na kai tsakiyar shafin sai na lura na daina ja, karatu kawai nake.

Ga abin da ta rubuta. Wai a wani gari na kan dutse, maza duk sun tafi cirani, shekara ta zagayo babu wanda ya dawo, babu saƙo. Rijiyar garin ta ƙafe. Wata yarinya ta zauna a bakinta tana kuka, tana gaya mata yadda ubanta ya tafi da takalmi ɗaya tsinkakke, da abin da ya ce mata a ƙofar gida. Tana cikin faɗa sai ta ji motsin ruwa a ƙasa. Nan mutanen gari suka gane rijiyar labari take so: ka ba ta labari na gaskiya, ta ba ka guga ɗaya. Suka yi ta ba ta, na haihuwa, na faɗa, na abin da aka ɓoye shekaru, har labari ya ƙare a garin. Sai suka fara ƙirƙira. Rijiya ba ta hana su ruwa ba, amma duk wanda ya sha ruwan da aka jawo da ƙarya, sai ya mance fuskar mutum ɗaya daga cikin nasa. Yarinyar ita kaɗai ta ƙi sha, kullum sai ta tafi wani tafki mai nisa. Ran da maza suka dawo, babu matar da ta gane mijinta. Aka yi musu shimfiɗa a zaure kamar baƙi. Yarinyar ta hango ubanta daga nesa, ta yar da tulu ta taho a guje. Kafin ta iso an riga an miƙa masa ruwan baƙo, ya sha. Ya dube ta ya ce, ɗiyar wa ce wannan?

A nan ta tsaya. Babu darasi, babu ko rufewar da aka saba.

Sau uku na karanta ta. Na tashi na zaga tsakar gidan, na dawo na zauna. Abin da na ji a raina ba daɗi ba ne kaɗai, akwai wani abu mai ɗaci a ciki, don na san duk cikin abin da na cika littattafaina da shi babu wanda ya kama ƙafar wannan. Sai na ɗauki jan bik na koma layin farko, na bi ta kalma kalma. Harshe, biyu. Tsari, uku. Darasi, babu. Tsabta, biyu. Bakwai bisa ashirin. A ƙasa na rubuta da manyan baƙaƙe: Ina darasin?

Ban yi mata rashin adalci a lissafi ba, abin da na yi ta gaya wa kaina ke nan. Ma'auni na bi. Amma da yamma, kafin in haɗa takardun, na ɗauko littafina na juya gatanar zuwa Hausa, wai don in ga yadda za ta zauna. Ta zauna daram. Kamar dama da Hausa aka haife ta, aka tilasta mata sa rigar da ba tata ba.

Ranar Litinin na raba takardu kamar yadda muka saba, ina kiran sakamako da ƙarfi daga babba zuwa ƙarami. Da na zo kanta na ɗaga takardar, ta yi ja kamar an yanka kaza a kai.

Na ce, “Ke kuma kin kai mu bakin rijiya kin bar mu tsaye. Mu sha ne ko mu koma gida?”

Aji ya fashe da dariya. Ta taso ta karɓa da hannu biyu, ta koma ta zauna. Ba ta dube ni ba.

Bayan kamar wata guda abin ya faru. Akwai wani abokina da muke zaman shayi tare, yana aiki a ƙaramin gidan rediyon garin. Shi ke riƙe da filin yara na ranar Lahadi bayan la'asar, inda wani dattijo yake zuwa ya yi musu gatana. A wannan satin dattijon ya tafi Deule gaisuwar rasuwa. Abokina ya same ni da rana tsaka, gumi na tsiyaya.

Ya kira ni da sunan da ake kiran malaman lakwal, ya ce, “Mushe, ka cece ni. Kai ne mai littattafai. Minti goma sha biyar kawai, ko wace iri ce.”

Na ce masa ba ni da komai a kai. Ƙarya ce. Tun kafin ya rufe baki na san wadda zan yi.

Ɗakin rediyon ƙarami ne, an lulluɓe bangonsa da kwalin ƙwai, fanka ɗaya tana juyawa a kasale. Yara shida suna zaune a tabarma don su riƙa amsawa. Na buɗe, suka amsa, na shiga labarin rijiya. Na ƙara mata ƴar waƙa da yarinyar take yi a bakin ruwa, na ja muryar tsofaffi, na yi shiru a inda ya kamata. Da na kai inda uban ya ce ɗiyar wa ce wannan, yaran duk suka zuba mini ido. Wata ƴar ƙarama a cikin yaran ta sa gefen mayafinta a baki.

Abokina ya matso da bakinsa kusa da makirfo ya ce, “Kai, Mushe! Ina ka samo wagga gatana? Ni dai tunda nake ban taɓa jin ta ba.”

Na ce, “Wurin kakata na ji ta, Allah ya jiƙanta.”

Ban shirya faɗin haka ba. Amma kuma ban yi tuntuɓe ba. Har na ƙara da cewa tana ɓarar gyaɗa take yi mana ita, muna kewaye da ita. Na ga tsohuwar a idona sarai lokacin da nake faɗa, har da kwaryar da ke gabanta.

Wani ya ɗauki shirin a waya, ya shiga yawo. Kwana biyu ba a yi ba mai nama ya tsayar da ni a kasuwa ya ce matarsa ta yi kuka. Sansar, wato mai kula da harkar karatu a lise ɗinmu, wanda bai taɓa yi mini magana ta wuce gaisuwa ba, ya dafa kafaɗata a gaban malamai ya ce ashe muna da taska a gida ba mu sani ba. Zan faɗi gaskiya, na ji daɗi. Kwana uku ina tafiya kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Idan yarinyar ta faɗo mini a rai sai in ce ai ƴan lise ba sa sauraron filin yara. In kuma ta ji, ai na gyara abin sosai, waƙar tawa ce, Hausar tawa ce.

Ranar Laraba da aka tashi, aji ya watse, ina kakkaɓe alli daga hannuna, sai na ga ba ta fita ba. Tana tsaye jikin bencinta, ta rungume jakarta. Na fara haɗa amsa a raina: zan ce gatana ta kowa ce, zan ce na yi ne don in gwada ta, zan ɗaure fuska.

Ta matso, ta ɗan rusuna, ta ce, “Mushe, na zo in ba ka haƙuri.”

Na ce, “Haƙurin mi?”

“Gwaggo ta kunna rediyo ran Lahadi, na ji ka. Wallahi, Mushe, ban san gatanar tana nan ba. Na aza ni na yi ta. Hutun da ya wuce ina jan ruwa a gida ta zo mini, na yi ta juya ta har na dawo. Ƙila ina ƙarama na ji ta wurin wani na mance, ban sani ba.” Ta gyara riƙon jakarta. “Ka ce wanda ya kwaso sifili za shi samu. Ni ka ba ni bakwai, kuma ba ka faɗa gaban aji ba. Na gode da ka rufa mini asiri.”

Shekaru sun wuce, amma har yau in na tuna wannan tsayuwar sai kunya ta kama ni. Babu kowa a ajin sai ni da ita. Babu wanda zai ji. Kalma huɗu ko biyar sun isa. Na dubi allo, na dubi jakata, na ji bakina yana cewa:

“Ba komai. Ki dai riƙa kula.”

Ta ce, “To, Mushe.” Ta fita.

Na zauna a kujerar malami har mai gadi ya leƙo ya tambaye ni ko zai rufe.

Sati biyu na yi ina shiga ajin ina koyar da nahawu ba tare da na kalli wajen taga ba. Na gaya wa kaina abin zai wuce. Yarinya ce, za ta manta, jarrabawa na tafe. Littafin da na juya gatanar a ciki na tura shi ƙarƙashin akwati.

Innata ce ta kira ni daga Madawa wata Juma'a bayan an sauko masallaci. Ƙanwata ta kunna mata shirin a waya. Da dariya ta fara.

Ta ce, “Kai, wace kakar taka ce mai gatana? Ta wajen ubanka ta rasu ko haƙori ba ka yi ba. Ta wajena kuwa kowa ya san ta, in ta ji muna gatana da muciya take tarwatsa mu. Gyaɗa kuma, yaushe munka taɓa noma gyaɗa?”

Na yi ƴar dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce ai maganar rediyo ce, Inna.

Ta ce, “To wa ka ɗauko wa?”

Na so in kauce. Ita kuwa tana jira. Innata ba ta yi lakwal ba, amma ba a taɓa tsere wa tambayarta ba.

Na ce, “Ta wata ɗaliba ce.”

“Ita ta ba ka?”

“A'a.”

Na ji ta ja numfashi. Ta ce, “To.” Daga nan sai ta tambaye ni ko albasar da ta aiko da direba ta iso, ta ce in shanya ta kada ta ruɓe, ta yi mini sallama. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan maganar ba, ranar ko bayanta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Duk da haka sai da na ƙara kwana shida. Ina faɗin wannan ne don kada a ɗauka na tashi nan take kamar mutumin kirki. Sau biyu na kama hanyar gidansu na juyo daga bakin tasha. Ranar Alhamis da la'asar na ƙarasa.

Gwaggonta tana suyar ƙosai a ƙofar gida, mace mai jiki, mai fara'a, hayaƙi ya rine mata idanu. Da ta gan ni ta rikice, ta goge benci da gefen zanenta.

“Maraba da Mushe! Lafiya dai? Wani abu ta yi?”

Na ce ba ta yi komai ba, magana ce kawai nake so mu yi, kuma ina so a gabanta. Ta ƙwala wa yarinyar kira. Muna jiran fitowarta wata mata ta zo da kwano, wani dattijo kuma ya tsaya a naɗe masa. Gwaggo ta miƙa hannu gefen tire, inda wani kaye, wato littafin rubutu, yake ajiye an danne shi da dutse, ta yage shafi ɗaya, ta zuba ƙosai a kai, ta barbaɗa yaji, ta naɗe. Kafin ta naɗe na ga rubutun. Ƙanana ne ƙwarai, layi a kan layi, babu ko gefe da aka bari. Mai ya ratsa takardar, tawadar ta fara bajewa. Dattijon ya karɓa ya yi gaba.

Na ce, “Gwaggo, wannan kayen na wa ne?”

“Nata ne. Ita ta ba ni, ta ce ba ta da sauran aiki da shi. Takarda ta yi wuya yanzu, Mushe.”

Na roƙe ta ta ba ni in gani. Fiye da rabinsa ya tafi. Abin da ya rage da Hausa aka rubuta shi, Hausar da ba a koya mata rubutawa a aji ba, ita ta koya wa kanta. Shafin da ke sama tsakiyar wani labari ne, na wata akuya da ta ƙi sauka daga kan rumbu. Farkonsa an riga an naɗe wa wani ƙosai da shi a garin nan.

Ta fito hannunta jiƙe da ƙullun wake, ta durƙusa ta gaishe ni. Da ta ga kayen a hannuna sai ta sunkuyar da kai.

Na shirya magana mai tsawo a hanya, mai kyau, da dalilai. Babu wadda ta zo. Na ce, “Gatanar rijiya taki ce. Ke kika yi ta. Ban taɓa jin ta wurin kowa ba sai a takardarki. Abin da na faɗa a rediyo ƙarya ne, kuma ran da kika zo ba ni haƙuri, ni ya kamata in ba ki. Na ƙi faɗa ne don kunya. Ki yafe mini.”

Mai yana ta ƙara a kasko.

Sannan ta ce, “Kakarka ba ta san ta ba?”

“Ba ta san ta ba.”

“Ko kaɗan?”

“Ko kalma ɗaya.”

Ta ɗago ta dubi kayen, ba ni ba. A hankali ta ce, “Ke nan sauran ma nawa ne.”

Sai a lokacin na fahimci girman abin. Ba gatana ɗaya na ɗauke mata ba. Tun ranar Lahadin nan ta zauna ta bi duk abin da ta taɓa rubutawa, ta kasa rantsewa a kan ko ɗaya cewa daga kanta ya fito. Goma sha ɗaya ne, in ji ta da na tambaya. Tun tana koleji, kafin ta shigo lise, take tara su.

Gwaggo, da ta saurari komai tana juya ƙosai, ta dube ni da mamaki na gaske. Ta ce, “Yo Mushe, a kan gatana ka taso takanas? Ni na aza korar ta za a yi. Gatana ai ba gona ba ce, wa ke da ita? Mu da munka tashi, wadda ka ji ka ba wani, shi ke nan.” Ta tsamo ƙosai masu zafi ta zuba mini a kwano, ta ce in ci kada in tafi haka. Ta so ta sauƙaƙa mini ne, na sani. Na riƙe kwanon a cinyata, na kasa kai ko ɗaya baki.

Na ce wa yarinyar zan koma rediyo ranar Lahadi in gyara maganata, kuma ina so ta zo ta yi gatanar da bakinta, ko wata daga cikin nata.

Ta girgiza kai. “A'a, Mushe. An riga an ji ta. Kuma kada ka faɗi sunana, ba na son a riƙa nuna ni.”

Na ce to. Na miƙa mata kayen, ta karɓa ta riƙe a ƙirji. Na tashi zan tafi, sai ta ce, “Mushe, in tambaye ka?”

“Tambayi.”

“Ran da ka karanta ta, ta yi maka kyau?”

“Ƙwarai. Sau uku na karanta ta.”

“To mi ya hana ka rubuta hakan a takardar?”

Ba da tsiwa ta yi tambayar ba. So take ta sani. Na tsaya da jakata a hannu ina neman abin da zan ce, na ambaci ma'auni, na ji kaina, na yi shiru. Ta jira kaɗan, sannan ta ce a sauka lafiya, ta shige gida.

Ranar Lahadi na je rediyo. Abokina bai so ba. Ya ce wa ya tambaye ka, mutane sun ji daɗi, ka bar abu yadda yake. Da na nace ya ba ni minti ɗaya a ƙarshen shiri, bayan dattijon ya gama tasa. Na ce gatanar rijiya da aka ji daga bakina ba ta kakata ba ce, wata ɗalibata ce ta ƙirƙire ta, ni na ɗauka ban gaya mata ba, kuma na yi ƙarya. Abokina ya yi dariya ya ce to jama'a kun ji, ashe malamai ma suna leƙen takardar yara, ya saki kiɗa. Wannan minti ɗayan babu wanda ya ɗauka a waya. Mutum biyu ko uku ne suka yi mini maganarsa, ɗaya ma cewa ya yi tawali'u ne ya yi mini yawa.

Na je wurin sansar in nemi a canja sakamakon. Ya ce takardun zango an riga an sa musu hannu an raba wa iyaye. Ya karɓi kwafin ma'aunin ya duba, ya ce, “Kurakuran suna nan ko ba sa nan?” Na ce suna nan. Ya ce, “To ina laifinka?” Ya mayar mini, ya ci gaba da abin da yake yi.

A ajin na faɗa musu ni da bakina, ban ambaci ko wace ce ba, ko da yake duk sun gane. Wasu suka yi murmushi, wasu suka juya suna kallon benci na uku. Ita tana kallon taga. Daga baya na gane ko wannan ɗin don kaina na yi shi, don in sauke nauyi, ita ba ta nema ba.

A ƙarshen zango na uku na ba su aikin rubutu na ƙarshe. Na ce kowa ya ba da labarin da ya ga dama, na gaske ko na ƙirƙira, kuma a wannan karon zan ware rabin sakamako ga labarin kansa, ba ga harshe ba. Da na tattara takardu tata na fara nema.

Ta rubuta yadda ake cin kasuwa a ƙauyensu. Masu hatsi suna zama gabas, masu dabbobi yamma, ana fara watsewa bayan la'asar. Jimloli gajeru, kowace ta tabbatar da ita kafin ta ajiye. Kurakurai ba su fi shida ba a shafi biyu, an ga alamar ta sha wahalar ƙamus. A ƙarshe ta rubuta cewa wannan yana koya mana muhimmancin kasuwanci ga ci gaban ƙasa. Na karanta na sake karantawa ko zan ga inda ta saki jiki ko da layi ɗaya ne. Babu. Na ba ta goma sha uku.

Shekarar da ta biyo ta zaɓi ɓangaren kimiyya, wani malamin ya karɓi ajinsu. Mukan haɗu a farfajiyar lakwal, ta rusuna ta gaishe ni kamar yadda take gaida kowane malami, in amsa, ta wuce. Shekara biyu bayan haka aka mai da ni Keita. Na taɓa jin cewa ta ci jarrabawar ƙarshe ta tafi garin Tawa karatun aikin jinya. Wanda ya ba ni labarin ɗan ƙauyensu ne, mun haɗu a mota, kuma da na so da na tambaye shi ko tana rubutu har yanzu. Muka yi ta hirar damina da tsadar taki har muka iso, ya sauka.